Cire Wayoyin Na'urar Zuciya ga Mai Raunin Zuciya: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, batirin na'urar da ke daidaita min bugun zuciya ya kusa ƙarewa. Har da wayoyin za a cire?

Amsa: A'a Malam. In wayoyin da suka haɗa na'urar da zuciya lafiyarsu ƙalau, akwatin da batirin ke ciki kawai ake canjawa.

Tambaya: Mahaifina mai raunin zuciya ne, shekararsa 8 da na'urar. Wurin da aka dasa ta ya kumbura yana fitar da mugunya, likitoci sun ce a cire komai. Mun ji ana mutuwa bayan cirewar, shi ya sa muka dakata, muna barbaɗa masa garin kafso.

Amsa: Haba Malama! Garin kafso a kan ciwon da wayarsa ta zarce har cikin zuciya? Don Allah ku daina, ku mayar da Baba asibiti yau.

Tsoronku yana da tushe. Wayar da ta daɗe takan manne da bangon jijiya, wajen zare ta babbar jijiya na iya yagewa. Shi ya sa ake yin aikin inda likitan tiyatar zuciya ke tsaye cikin shiri. Amma binciken ELECTRa da aka wallafa a 2017, kan majinyata sama da 3,500 a Turai, ya nuna kusan mutum 1 cikin 200 ne aikin kansa ya yi ajalinsa.

Gaskiya ne masu raunin zuciya sun fi sauran mutane rasuwa a watannin da ke biyo baya, musamman in da ciwon ƙoda ko na suga. Yawanci ba zare wayar ke kai su ba. Zuciyar da ma a gajiye take, ga ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jini, sau da yawa saboda irin wannan jan ƙafar. Ƙwayoyin nan kan lulluɓe jikin wayar su yi wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Ko allura ake yi, ciwon lafawa zai yi ya dawo. Muddin wayar na ciki, tushen cutar na nan.

In zazzaɓi ko rawar sanyi ya kama shi, ko ya fara sambatu, kada ku jira gari ya waye. Kuma kada kowa ya matse wurin.

Tambaya: An cire wa mijina tasa mai waya uku, ba a mayar ba tukuna. Yanzu yana haki, ƙafafunsa sun kumbura.

Amsa: Hajiya, ita ke sa sassan zuciyarsa su matsa tare, da aka cire ta ruwa ya fara taruwa. In ƙwayoyin cuta ne suka sa aka cire ta, sai gwajin jini ya nuna cutar ta fita ake dasa sabuwa, galibi a ɗaya gefen ƙirjin. Kada ki ƙara masa maganin da ke sa fitsari don rage ruwan jiki da kanki, ki kai shi wurin likitansa yau. In ya suma ko ya kasa kwanciya saboda numfashi, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye.