Tambayi Likita: Ƙetare teku daga Darussalam zuwa Zanzibar

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne daga Kano. Wata mai zuwa zan je Darussalam a Tanzaniya, daga nan in hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Zanzibar. Ko a mota jiri nake yi, ina ga teku?

Amsa: Alhaji, gara da ka tambaya tun kana gida. Jirgi mai sauri yakan yi kamar awa 2 a wannan hanya, kuma awa 2 ba wasa ba ce ga wanda zuciyarsa ke tashi. Abin da ke faruwa shi ne, can cikin kunne akwai sashen da ke lura da motsin jiki. Kana zaune a cikin jirgi, ido na ganin kujeru a tsaye cik, kunne kuwa na jin ana ɗaga ka ana sauke ka. Wannan saɓanin ne ke rikita ƙwaƙwalwa, sai hamma, yawu ya cika baki, gumi mai sanyi ya karyo, amai ya biyo baya.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jira sai zuciya ta tashi sannan ya laluba aljihu neman ƙwayar jiri. A lokacin ciki ya riga ya rage aiki, ƙwayar ba za ta shiga jini da wuri ba. Maganin jiri mai suna Stugeron ana shan sa awa 2 kafin tashi, mai suna Kwells kuma kamar minti 30. Dukansu suna sa barci. Amma in kana da hawan jinin ido, ko fitsari na yi maka wuyar fita, kada ka taɓa Kwells sai ka ga likitanka.

Ka ci abu marar maiƙo kafin ka hau, kada ka je da ciki wayam. Nemi wuri a tsakiyar jirgi wajen baya, don goshinsa ya fi tsalle. Ajiye waya, kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. In ma'aikata sun zo raba ledar amai, karɓi taka, ba abin kunya ba ne. Daga wajen Yuni zuwa Satumba iskar kudu, wadda mutanen can ke kira Kusi, takan sa teku ya yi fushi, don haka jirgin safe ya fi maka.

Tambaya: Ina da ciki wata 4, kuma da yaro ɗan shekara 6 za mu tafi.

Amsa: Hajiya, in cikin lafiya yake, ba zubar jini ba ciwon mara, tafiyar ba ta da laifi. Kada dai ki sha ƙwayar jiri sai wadda aka rubuta miki a wurin awo. Citta tana rage tashin zuciya, ki riƙe ruwa kina kurɓa kaɗan-kaɗan. Yara daga shekara 2 zuwa 12 sun fi kowa jiri, kuma ba a ba su adadin maganin manya. Ina roƙonki, kuna zama ki duba inda rigunan ceto suke, ki tambayi ta yara. A 2012 jirgin MV Skagit ya nutse a wannan hanya, an yi asarar rayuka da yawa. In kin ga an cika jirgi maƙil, ki haƙura ki jira na gaba.

Tambaya: Da gaske ne ana neman katin rigakafi?

Amsa: Ƙwarai. Mai zuwa daga Najeriya ana neman shaidar allurar zazzaɓin shawara a wurinsa, kuma akan iya sake dubawa a tashar Zanzibar. Katin na fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har tsawon rai.

Tambaya: Na sauka jiya, amma har yanzu ƙasa na yi mini lilo.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama sabawa da tudu ba, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya zarce mako, ko ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko toshewar kunne, ko nauyin harshe, je asibiti a ranar.