Hiroshima da gashin sankara: shin mai jinya na iya ɗaukar tururin?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An rubuta wa mahaifiyata gashi, wato ƙone ƙwayoyin cutar da tururin na'ura (radiyeshan), saboda sankarar mama. Wani ɗan'uwanmu ya ce irin tururin da ya kashe mutanen Hiroshima ne, wai har yau a nakashe ake haihuwar jikokinsu, kuma duk wanda ya raɓi mai shi zai ɗauka. Ina da ciki wata huɗu, ga shi ni ce mai jinyarta. Ko barci ba na iyawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Ci gaba da jinyarki.

Ta'asar Hiroshima gaskiya ce. Daga 6 ga Agusta 1945 da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a wannan birni na Japan zuwa ƙarshen shekarar, an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu. A Nagasaki kuwa kimanin 74,000. Akasarinsu ƙuna da ƙarfin fashewa da ruftawar gine-gine ne suka kashe su. Tururin nukiliya daga baya ya nuna kansa: waɗanda ya ratsa duk jikinsu lokaci guda, ɓargonsu ya daina yin jini, suma ta zube bayan mako biyu, dasashi na zubar jini, ƙaramin ciwo ya zama ajali. Bayan shekara biyu sankarar jini ta fara yawaita. Matan da bam ɗin ya riska a kusa da cikin mako 8 zuwa 15, wasunsu sun haifi yara masu ƙaramin kai da raunin ƙwaƙwalwa. Lura: tururin ya bugi jikin uwar ne kai tsaye, ba a wajen wani ta kwaso shi ba.

To, batun "ɗauka" ɗin nan shi ne ya ishe mu. Kullum sai an zo da shi asibiti, kuma ba daga bakin wanda ya taɓa ganin na'urar yake fitowa ba. Irin wannan jita-jitar ce ta sa a Japan aka ƙi auren waɗanda suka tsira, aka hana su aiki, har da yawansu suka riƙa ɓoye asalinsu. Alhali an bi diddigin yara kimanin 77,000 da aka haifa a biranen biyu bayan harin, ba a ga ƙaruwar nakasa ba a cikin waɗanda iyayensu suka sha tururin. Hiroshima yau tana da mutum sama da miliyan ɗaya. Ɗan'uwan naku a ina ya ga jikokin?

Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jiki. Da an kashe na'ura shi ke nan, kamar yadda wanda ya wuni a rana ba ya shigowa ɗaki da ita. Ki ci abinci da Hajiya, ki yi mata wanki, jikoki su hau cinyarta. Gire shi ne ma'aunin yawan tururin da jiki ya sha; gire 4 zuwa 5 a duk jiki lokaci guda na iya kisa. Ita kuwa za a ba ta wajen gire 2 ko ɗan fiye a rana, a saitin ƙirji kaɗai, cikin mako uku zuwa biyar, don lafiyayyen nama ya samu sararin farfaɗowa.

Inda ake cewa mai ciki ta ja baya shi ne idan an ba majinyaci ayodin mai tururi ya sha, ko an dasa masa ƙwayoyin tururi a jiki. Tambayi likitanta ko akwai ɗaya daga cikinsu a tsarinta. Ɗakin na'ura kuwa dama ba mai zama ciki lokacin gashin sai ita.

Abin da nake tsoro shi ne a tsorata Hajiya ta riƙa tsallake ranaku, ko a kwashe ta zuwa wajen mai sassaƙe da ke tallar "maganin daji" a lasifika. Duk ranar da aka tsallake, ciwon ne ke samun damar tofowa. Fatar wurin za ta yi duhu, za ta ji kasala. Kada a goge alamar da aka zana mata, kada a shafa wani mai ko haɗin gargajiya sai wanda asibiti suka amince da shi.