Ana bina bashi, ga kuma sabon aiki ya samu: in tafi ko in tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 4 ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna, abin da ke shigowa hannuna a wata N240,000. Banki na bina ragowar N600,000, suna cire N68,000 duk wata. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatanmu na bina N150,000, ana cire N25,000. Na ci bashin N45,000 a manhajar waya, kuma na riga na kwashi adashi, saura zubi 4 na N20,000 a kaina. Yanzu wani kamfani a Abuja ya yi mini tayin aiki a kan N330,000. In karɓa, ko in dakata sai na gama biyan basussukan?
Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka tambayi kamfanin na Abuja a rubuce: wannan N330,000 ɗin, shi ne zai shiga asusunka, ko kuwa jimillar albashi ce kafin a yi cire-cire? Kamfanoni sun fi rubuta jimilla a takardar tayi. Daga cikinta za a cire harajin albashi, a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, wasu wuraren kuma da kashi 2.5 na asusun gidaje. Idan jimilla ce, abin da zai zo hannunka zai iya sauka ƙasa da N300,000. Ka ɗora kuɗin haya a kai, wanda a Abuja na shekara guda ake biya a dunƙule, ga na dillali ga na yarjejeniya. In ka guje wa tsadar cikin gari ka zauna a Kubwa, Mararaba ko Suleja, kuɗin mota na kullum zai ci wani ɓangare na sauƙin. Ƙarin N90,000 da ka gani a takarda yana iya komawa N20,000, ko ma ya ɓace.

To amma abin da ya fi damunmu a lissafinka shi ne tsakanin albashinka na ƙarshe a Kaduna da na farko a Abuja. A nan ne masu bashi suka fi faɗuwa. Idan ka kama aiki bayan an rufe jadawalin albashi na wata, sai ka jira ƙarshen wata na gaba. Albashin ƙarshe na tsohon wuri kuma ba kasafai yake fitowa cikakke ba, domin daga cikinsa ake zare duk abin da ake binka. Don haka ka ɗauka za ka yi wata 2 ba abin da ya shigo. A wata biyun nan banki zai nemi N136,000, uwar adashi za ta nemi N40,000. Ƙungiyar gama-kai kuwa, yawancinsu dokarsu ita ce duk wanda zai bar aiki ya biya ragowar bashinsa gaba ɗaya, ko a cire daga ajiyarsa. Jimilla N326,000 ke nan, ba a yi maganar cefane, kuɗin makarantar yara da kuɗin ƙaura ba. Idan babu wannan kuɗi a hannunka ko a ajiyarka ta ƙungiya, tafiyar ba ta nuna ba tukuna.

Ga yadda za ka bi da kowane bashi. Na manhajar waya ka kashe shi daga albashin wannan watan. Shi ne mafi ƙanƙanta, amma ruwansa ya fi na sauran tsada, wa'adinsa gajere ne, kuma tararsa kullum take hauhawa. Ka karɓi shaidar cewa ka gama biya, ka ajiye. Idan suka fara kiran mutanen da ke cikin wayarka don su tozarta ka, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta haramta haka, kuma tana karɓar ƙorafi.

Na banki shi ke buƙatar natsuwa. Ka ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ka nemi sakin layin da ya yi magana a kan barin aiki. Bashin albashi galibi an gina shi ne a kan alkawarin cewa albashinka, har da haƙƙoƙinka na sallama, ta wannan asusun za su riƙa bi. Wasu yarjejeniyoyin ma sun ba bankin damar neman ragowar kuɗinsa gaba ɗaya da zarar ka ajiye aiki. Saboda haka ka je musu tun kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, da takardar sabon aikin a hannunka. Ka nemi su rubuta maka nawa ne ragowar idan za a biya yau, ka sanar da su albashin sabon wuri ma a nan zai riƙa shiga, sannan ka roƙi a matsar da ranar cirewa ta dace da ranar da sabon kamfanin ke biya. Mai bin bashi ya fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa kafin ya saɓa alkawari.

Kada wani ya ba ka shawarar buɗe asusu a wani banki don albashin ya ɓuya. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiwatar da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk asusun da ke haɗe da lambar BVN ɗin mutum a sauran bankuna, kuma masu karɓar bashi kan sa hannu a kan haka. Ga kuma sunanka da zai shiga rajistar marasa biya a cibiyoyi irin su CRC da FirstCentral, ya hana ka samun lamuni gobe.

Bashin ƙungiya kuwa, ka tuna akwai abokan aikinka da suka tsaya maka. In ka tafi ka bar shi, albashinsu za a riƙa yanka. Ka sa sakataren ƙungiya ya fitar maka da lissafin ajiyarka, a cire bashin daga ciki, ka cika abin da ya rage. Adashi ma haka: ka riga ka ci naka, waɗanda ke baya suna jiran nasu. Ka zauna da uwar adashi, ku tsayar da ranar da za ka riƙa turo zubin daga Abuja, a rubuta a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Sai batun sanarwa. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 ya ba da sanarwar mako 2, amma in takardar ɗaukarka aiki ta ce wata guda, da ita za a kama ka, kuma in ka fice ba sanarwa za a cire maka albashin wannan lokacin. Ka nemi sabon kamfanin ya sa ranar kama aikinka a 1 ga wata, ka tambayi ko suna ba da kuɗin ƙaura, ka kuma san tsawon watannin gwaji. Yawanci wata 3 ne zuwa 6, kuma a cikinsu ana iya sallamar mutum da gajeruwar sanarwa.

Ra'ayinmu shi ne kada ka ƙi aikin don kawai ana binka, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma kada ka ajiye na hannu a kan alkawarin baki, sai takarda mai sa hannu ta zo. Ka lura kuma lokaci yana tare da kai: nan da wata 4 adashi ya ƙare, nan da wata 6 ka rabu da ƙungiya, nan da kimanin wata 9 banki ma ya sallame ka. In sabon kamfanin zai yarda ya jira ka ko da wata 2 ne, nauyin da za ka tafi da shi ya ragu sosai.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa, shekaruna 34. An ce mini in na ajiye aiki zan iya cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fanshona. Ina so in biya bashi da shi kafin in koma wani asibitin. Zai yiwu?
Daga wata 'yar'uwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, tanadin yana nan, amma ba don irin halinki aka yi shi ba. Doka ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa ne idan ya rabu da aiki kuma ya yi wata 4 bai samu wani ba. Wadda ta tashi daga wannan asibiti ta shiga wancan ba ta cika sharaɗin ba. Zaman wata 4 ba albashi don a samu wannan kuɗi kuwa asara ce, domin abin da za ki rasa zai iya fin abin da za ki karɓa.

Abin da ya kamata ki yi kafin ki tafi shi ne ki nemi bayanin asusunki daga kamfanin da ke kula da fanshonki, ki duba wata-wata ko asibitin yana zuba abin da yake cirewa. Doka ta ba shi kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. In akwai giɓi, ki nemi a cike tun kina ciki, domin bin sawunsa bayan kin fita wahala ce. Lambar asusun ba ta canzawa, ita za ki miƙa wa sabon wurin.

Tambaya: Wani kamfanin ba da lamuni ya ce zai ba ni N500,000 a kan ruwa kashi 4 a wata, na tsawon shekara guda, in haɗe basussukana wuri ɗaya kafin in canza aiki. Akwai sauƙi a ciki?
Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Ka tambaye su a kan me ake lissafin kashi 4 ɗin. Idan a kan uwar kuɗin ne tun daga farko har ƙarshe, ruwan zai zama N20,000 sau 12, wato N240,000, za ka riƙa biyan kusan N61,700 a wata. Idan kuwa a kan abin da ya rage ne bayan kowane biya, ruwan bai wuce kimanin N139,000 ba, biyan wata kuma kusan N53,300. Bambancin ya kai N100,000, alhali duka biyun "kashi 4" ake kiransu. Ka nemi jadawalin biya a rubuce, da duk kuɗin takarda da na inshora da za a zare kafin kuɗin ya iso hannunka, sannan ka kwatanta jimillar da abin da ya rage maka a tsofaffin basussukan. Idan a cikinsu akwai na ɗan'uwa ko na ƙungiya marasa ruwa, kada ka sa su cikin haɗin, domin ka mayar da bashin da ba ya haihuwa mai haihuwa ke nan. Kuma ka gaya musu gaskiya cewa kana shirin barin aikin, tun da albashin wurin da kake yanzu suka duba suka yi maka tayin.