Tambaya da Amsa: Rigar Ƙarfen da Ke Ɗauke wa Soja Kaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana soja ne, kuma duk lokacin da ya zo hutu sai na ga yana dafa ƙugu kafin ya miƙe daga tabarma, alhali bai cika shekara talatin ba. Ya ce nauyin kayan da suke goyawa ne. Ƙanensa ya nuna mini hoton bidiyo na wata rigar ƙarfe mai inji da aka ce tana ɗauke wa soja kaya. Shin da gaske ne? In haka ne, me ya hana a ba yaranmu? Daga wata uwa, Yalwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya tsare shi da abokan aikinsa. Da gaske ne akwai rigar, sai dai har yanzu ba ta fita daga matakin gwaji ta zama kayan aikin sojan ƙasa na yau da kullum ba, ko da a ƙasashen da ke ƙera ta.

Sanduna ne marasa nauyi sosai da ake ɗaurawa daga ƙugu har tafin takalmi, da gaɓoɓi daidai gwiwa da kwankwaso, sai ƙaramar kwamfuta mai lura da motsin mutum, wadda ke umartar injin ya taimaka masa. Nauyin jakar sai ya bi ta sandunan ya sauka ƙasa, maimakon ya danne kashin baya, kamar yadda ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ke samun sauƙi idan ya sauke buhu daga kansa ya ɗora a baro.

An daɗe ana fama da ita. Wadda kamfanin General Electric na Amurka ya fara ƙerawa a 1965 ta kai kilo 680, kuma ba a taɓa amfani da ita ba. A 2009 kamfanin Lockheed Martin ya karɓi wata mai suna HULC, da aka tsara ta ɗauki kimanin kilo 90, amma da aka gwada ta sai aka ga sojojin sun fi gajiya da ita a jikinsu, domin takunta bai dace da nasu ba, har suka riƙa kokawa da ita a kowane taku. Shirin TALOS kuwa, na ƙera wa sojan Amurka irin wannan rigar, wanda aka fara a 2013, an rufe shi a 2019 ba tare da an samu rigar da aka yi alkawari ba.

Babban cikas shi ne batir. Wanda zai kwana uku a daji ba shi da wurin caji, kuma da zarar wutar ta ƙare, rigar da kanta ta koma ƙarin kaya. Ki haɗa wannan da zafin watan Afrilu a yankinmu da ƙurar hunturu da ke shiga kowace gaɓa ta inji.

Abin da ya fi ba ni fata shi ne ƙananan nau'o'in. A 2022 Jami'ar Vanderbilt da sojan Amurka sun gwada wata mai suna SABER, wadda ba ta da inji ko batir, ba ta kai kilo biyu ba, kuma da igiyoyi masu talewa take rage wa baya wahala lokacin da sojojin atilare ke ɗaga harsasan igwa. A ganina irin wannan ce ta dace da mu, musamman ganin Birged ta 33 ta Atilare tana nan Barikin Shadawanka, ga kuma injiniyoyi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da za su iya nazarin ta.

Shi kuwa ɗanki, ki matsa masa ya ga likita tun ciwon bai yi nisa ba, kuma ya riƙa ɗaure ɗamarar jakarsa tam a ƙugu, domin kwankwaso ya karɓi nauyin da kafaɗu ke ɗauka.