Gwajin manhaja kai tsaye: ina kuɗin ke tafiya?

Tambaya: Muna da ƙaramin kamfani, mun rubuta manhajar lissafin kaya da ciniki, muka sake ta a fili kowa na iya dubawa ya turo gyara. Abincinmu yana fitowa ne daga girka ta da kula da ita ga masu shaguna. Yanzu masu turo gyara sun yi yawa, ma'aikatana suna so mu kafa tsarin da zai riƙa gwada kowane gyara da kansa kafin a haɗe shi. Ya cancanci kashe kuɗi? Nawa zan ware?

Amsa: Malam, ya cancanta ƙwarai, sai dai kuɗin ba a inda kake zato zai tafi ba. Muddin ma'ajiyar manhajarku (wurin da kuke ajiye rubutunta a intanet) a buɗe take, GitHub Actions, wato tsarin gwajin da ke shafin ajiye manhajoji na GitHub, ba ya karɓar ko sisi a kan injinansa na yau da kullum. Idan ma'ajiyar a rufe take ne ake ƙirga minti, inda asusun kyauta ke samun minti 2,000 a wata, kuma gwaji a kan macOS ya fi na Linux tsada nesa ba kusa ba. Jenkins, wata manhajar gudanar da irin wannan gwaji, ma kyauta ne, amma kai za ka nemi sabar, wato kwamfutar da zai riƙa gudana a kai, kai za ka biya mai kula da ita.

Inda aljihu ke jin jiki shi ne lokacin ma'aikata. Mutum ne zai zauna ya rubuta gwaje-gwajen, shi zai gyara su duk sanda manhajar ta canza. Saboda haka kada ku ce sai kun gwada komai tashi guda. Ku fara da wuraren da kuskure zai ja wa mai shago asara: jimillar kuɗi, ragi, haraji, ragowar kaya bayan an sayar. A ce wani ya turo gyaran da ya taɓa yadda ake cike ɗigon lissafi, rasit ya fito da bambanci kaɗan, da dare mai shago ya ƙirga kuɗin akwati ya ga ba su dace da na allo ba. Kai zai kira, ba wanda ya turo gyaran ba. Irin wannan kuskure ne gwaji mai layi goma yake kamawa cikin daƙiƙoƙi.

Gajerun gwaje-gwaje su riƙa gudana a kan kowane gyara, dogayen a bar su sau ɗaya da dare. Gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba dalili, a gyara shi ko a cire, domin da zarar mutane sun saba ganin jan alamar faɗuwar gwaji sun daina kula ta.

Abu biyu nake so ka riƙe da kyau. A ƙarshen 2020 Travis CI, wani kamfanin da ke gudanar da irin wannan gwaji, ya sauya tsarin kuɗinsa, ayyuka da dama da suka dogara da kyautarsa suka yi ta ƙaura a gurguje. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku rubuta gwajinku yadda umarni ɗaya zai tayar da shi a kowace kwamfuta, ko kamfani ya juya baya ba ku rasa komai ba. Sannan kada ka haɗa kwamfutar ofishinka da buɗaɗɗiyar ma'ajiya don ta riƙa yin gwajin. GitHub da kansa ya yi gargaɗi a kan haka, tunda baƙo na iya turo gyara mai ɗauke da mugun umarni ya gudana a injinka, inda makullan sirri da bayanan abokan ciniki suke.

A kasafinka, ka rubuta albashin ma'aikaci ɗaya na 'yan makonni don kafawa, sannan 'yan sa'o'i kowane mako don kulawa. Sayen sabar kuwa, ka jinkirta shi har sai jiran sakamakon gwaji ya fara tsayar muku da aiki.