Yadda Ake Yanka Rodin Sitenles a Ƙaramin Shago

Tambaya: Ina da ƙaramin shagon walda, kuma zan yanka rodin sitenles (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) mai kaurin milimita 12 zuwa guntaye da yawa. Zarton hannu yana dakushewa da wuri, giranda kuma tana ƙona bakin ƙarfen har ya koma shuɗi. Wace hanya ce ta fi?

Amsa: Malam, matsalolin nan biyu daga halin ƙarfen suke. Sitenles, musamman samfurin 304 da aka fi amfani da shi, yana ƙara tauri a duk wurin da aka goge shi ba tare da an ci shi ba. Ga shi kuma ba ya sakin zafi da sauri, sai zafin ya taru a bakin yankan. Saboda haka zarton da ake ja da sauri, a sama-sama, shi da kansa yake taurara wurin da zai yanka.

Idan da zarton hannu ne, nemi ruwan zarto mai haɗin ƙarfe biyu, mai haƙora 18 zuwa 24 a kowane inci. Ja shi a hankali, kana dannawa yayin turawa gaba, ka ɗiga ɗan mai. Amma wannan na guda biyar ko shida ne kawai.

Ga yawan da kake magana, giranda ta fi, sai dai faifan shi ne komai. Sayi siriri mai kaurin milimita 1 wanda aka rubuta INOX a jikinsa, wato na yankan sitenles. Faifai mai kauri yana cin ƙarfe da yawa, zafi ya yi yawa, shi ne shuɗin da kake gani. Wannan shuɗin ba muni kaɗai ba ne, wurin ya raunana, nan tsatsa za ta fara kamawa. Ɗaure rodin tam kusa da inda za ka yanka, ka sa katako ko alminiyam tsakaninsa da abin matsewa. Shiga a miƙe, kada ka tsaya kana shafa wuri ɗaya, kada kuma ka karkata faifan, don siririn faifai yana tarwatsewa. Murfin kariya da tabarau dole ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanka sitenles da faifan da ya riga ya ci baƙin ƙarfe. Burbushin yana maƙalewa, bayan kwana kaɗan sai tsatsa ta fito. Ware wa sitenles faifansa da magagarinsa.

In akwai hali, injin zarto mai bel, wato wanda ruwan zartonsa ke zagayawa kamar bel, ya fi duka tsabta, a gudu mafi ƙanƙanta tare da ruwan sanyaya. Kafa katako a matsayin tokari a tsawon da kake so, ba sai kana awo kowane lokaci ba. Rodi mai tiredi kuwa, ɗaura noti kafin ka yanka. Kwance shi daga baya zai gyara bakin tiredin.