Kashi na biyu na fim ɗin dodo, yara za su iya kallo?

Hajiya kin ce ɗiyanki sun kalli kashi na ɗaya lafiya lau, ko a bar su ga na biyu? Wallahi kar ki dogara da wannan, kowane kashi daban ake tantance shi. Misali Alien vs Predator na 2004 a Amurka PG-13 aka ba shi, wato iyaye su yi hattara da yaran da ba su kai shekara 13 ba, amma kashi na biyu na 2007 R ne, wato wanda bai kai 17 ba sai da babba, don jini da yanke-yanke sun ƙaru sosai. A Canal+ ki duba gefen allo, akwai -10, -12, -16, wato bai dace da yaran da ba su kai waɗannan shekarun ba. Matsalar dai masu turi a waya nan Maradi, babu wata alama, ni sai na fara kalla kafin in ba yarana.